Tafkunan Fadamar Kabi Da Baƙin Da Suka Jawo

Duk wanda ya tsaya gaban taswirar Nijeriya, irin wadda ake ratayewa a bangon aji, ya nemi tafki a cikin Jihar Kebbi, abin da zai gani bai wuce kan Tafkin Kainji ba, can kudu wajen Yawuri. Idan ya ɗago yatsansa zuwa arewa, tsakanin Gwandu da Kalgo, sai ya tarar da fili fetal, in ban da wasu siraran layuka masu shuɗi da ke nuna gulabe. Ashe ba abin mamaki ba ne ɗalibanmu su iya ba da labarin Tafkin Chadi da Tafkin Biktoriya, har su lissafa ƙasashen da suka kewaye su, amma in an ce su ambaci tafkunan ƙasarsu sai su yi tsuru-tsuru, alhali kuwa wasu daga cikinsu ta bakin tafki suka biyo suka zo makaranta.

Gaskiyar magana ita ce muna da tafkuna, da yawa ma kuwa, sai dai ba irin waɗanda masu zanen taswira ke kulawa da su ba ne. Namu 'ya'yan ambaliya ne. Damina ke haifarsu, rani ya rage su, wasu ma ya shanye su ƙaf, shekara ta kewayo su dawo. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991 ake ta maganar jawo 'yan yawon buɗe ido, kuma duk sa'ad da aka tayar da zancen sai hankali ya koma Argungu. Abin da muke so mu duba a wannan maƙala shi ne tarihin baƙin da wannan ruwa ya sha jawowa tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido, da abin da ya kawo su, da kuma halin da ruwan ya shiga a zamaninmu.

Yadda tafkunan ke samuwa

Ƙasar Gwandu da Kalgo tana zaune ne tsakanin gulabe biyu. Ta arewa da yamma akwai gulbin da ya haɗo ruwan Rima da na Sakkwato, wanda tun daga wajen Argungu ake ce masa Gulbin Kabi. Ya ratso ta gindin Birnin Kebbi, ya karkata kudu ta yammacin Kalgo, ya nufi Bunza, har ya je ya faɗa Kogin Kwara. Ta kudu kuwa akwai Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi da Jega kafin ya sadu da ɗan'uwansa. Garin Gwandu kansa yana cikin wani kwari ne da tuddai suka yi wa ƙawanya, kusa da wani reshe na ruwan Zamfara.

Gulbin Kabi ba mai gaggawa ba ne. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka da zarar ruwan Agusta da Satumba ya sauko daga gabas, sai gulbin ya tumbatsa ya bazu cikin fadama mai faɗin kilomita da dama, har mutum ya tsaya a wannan gaɓa ya kasa gane mai tafiya a waccan. In kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai ya bar saura a duk inda ƙasa ta yi kwari: tsofaffin hanyoyin da gulbin ya bari, da gurabun da ya haƙa da kansa. Waɗannan su ne tafkunanmu, ko tabukka kamar yadda bakinmu ya fi sabawa. Kifin da ya hayayyafa cikin ciyawar ambaliya a nan yake tarewa, tsuntsaye su bi shi, shanu su zo shan ruwa da cin burgu, manomi ya bi laimar da ruwa ya bari ya dasa albasa. Kowane tafki yana da suna a bakin mutanen ƙauyen da ke kusa da shi, yana kuma da mai kula da shi.

Akwai wani tafkin kuma wanda ido ba ya gani. Masana ilimin ƙasa sun raɗa wa wani shimfiɗaɗɗen yashi da ke ƙarƙashin wannan yanki sunan Gwandu, kuma binciken da wasu masana na Amurka suka wallafa a 1973 ya nuna cewa shi ne mafi muhimmancin ma'ajiyar ruwa a duk kwarin Sakkwato, har akwai wuraren da in an haƙa rijiyar burtsatse a gefen fadama ruwa ke ɓulɓulowa da kansa ba tare da famfo ba. Wannan suna na Gwandu ya shiga littattafan jami'o'i ta wannan hanya, ko da yake mu masu sunan ba kasafai muke sanin haka ba.

Daga Kanta zuwa Shehu

Baƙin farko da tarihi ya riƙe labarinsu ba shaƙatawa ta kawo su ba, yaƙi ne. Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Daular Sanwai wajen 1516, bayan ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, ya kafa mulkin Kabi a kwarin Rima, ya gina Surame da Gungu da Leka. Rundunonin Sanwai sun zo su mayar da shi ƙarƙashinsu, suka koma ba su ci nasara ba. Babu shakka jaruntar Kabawa da ganuwar dutse ta Surame sun yi aikinsu, amma duk wanda ya taɓa ganin doki ya kafe cikin lakar fadama zai gane cewa ruwa ma soja ne a wannan yaƙi. An ruwaito cewa Kanta yana da wani ƙaton jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda yakan shiga lokacin ambaliya ya zaga garuruwansa. In haka ne, to shi ne shugaban farko da muka ji ya yi rangadi a kan wannan ruwa. Sunan Gwandu ma an ce daga gandu ya samo asali, watau gonakin sarauta na Kanta da ke wurin. Sarki kuwa ba ya kafa gandu inda babu laima.

Bayan kusan shekara 300 sai ga wasu baƙin. Abin lura ne cewa babban gumurzun farko na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sunan tafki ya ɗauka, watau yaƙin Tafkin Kwatto na watan Yuni 1804, can arewa kusa da Gudu, inda Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya jagoranci jama'a suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Sai dai nasara ba ta cika ciki. Bayan wahalar Tsuntsuwa jama'ar Shehu ta koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara, yunwa ta matsa musu, dabbobi suka rame. A 1805 Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, a cikin shekarar kuma Shehu ya taso da jama'a ya sauka Gwandu. Me ya sa Gwandu? Ga tuddai na kariya, ga ruwa, ga makiyaya, ga fadamar Kabi da hatsinta a kusa. Jama'ar da ta sha yunwa ba ta zaɓen mazauni don kyan gani.

A ƙarshen wannan shekara aka yi karon Alwasa, inda jama'ar Shehu ta yi asara mai yawa, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu, garin kuwa ko ganuwa ba shi da ita. Da ƙyar aka kore su. A 1806 Muhammadu Bello ya fara gina ganuwar garin, a cikin shekarar ce kuma Shehu ya kammala littafinsa Bayan Wujubil Hijra yana zaune a nan. Da aka raba kula da daula, yamma da kudu suka faɗo hannun Malam Abdullahi, Gwandu ta zama gari na biyu bayan Sakkwato, ana kawo mata gaisuwa daga Nupe da Ilori da Yawuri. Tun daga lokacin baƙi ba su yanke ba: almajirai masu neman karatu, manzannin sarakuna, da fatake masu ɗauke da goron Gwanja da gishirin Foga, waɗanda dole su bi ta hannun masu fito kafin su kai kasuwar Jega. Har yau masu ziyara na zuwa hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu.

Baturen da ya zo da littafin rubutu

Idan ana neman baƙon da ya fi kama da ɗan yawon buɗe ido na yau, watau wanda ya zo don ya gani ya rubuta, to sai a ce Heinrich Barth, Bajamushen nan da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Ya iso Gwandu a watan Mayu 1853 daga Wurno da Sakkwato, a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu. Sarkin Gwandu na lokacin, Malam Halilu ɗan Abdullahi, mutum ne mai gudun duniya, bai yarda sun yi ido biyu ba, abin da ya ɓata wa baƙon rai ƙwarai. Amma zaman bai tashi a banza ba, domin a nan Gwandu aka ara masa Tarihus Sudan, babban littafin tarihin Sanwai, ya kwashe kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi, daga baya aka tabbatar na Abdurrahman Assa'adi ne. Ta wannan hanya Turai ta fara sanin tarihin Sanwai filla-filla, daga ɗakin karatun wani malamin Gwandu.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne me ya burge shi a garin. Ba gine-gine ba ne, ba kasuwa ba ce, don ya raina girman kasuwar. Abin da ya yaba shi ne lambunan da ke cikin kwarin, da ayabar da ake nomawa, da albasar Gwandu wadda ya ga ta yi fice wajen girma da kyau. Mutumin da ya ratso Hamada, ya zaga Barno da Adamawa, ya zo ya tsaya yana yabon albasarmu! Mai karatu zai lura cewa ruwa ne dai ya yaba, ko da bai ambaci sunansa ba.

Daga Gwandu ya bi ta Kambaza da Gulumbe ya isa Birnin Kebbi, ya tsaya a kan tudu ya hangi fadama shimfiɗe a ƙasa, kusa da kufan tsohon birnin. Sa'an nan ya bi gefenta ta Kola zuwa Diggi, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo a yau, ya ƙetare zuwa Zogirma. Ya ga gonakin shinkafa, ya kuma ga tsoro a fuskokin mutane, domin ƙasar na cikin yaƙi. Ya sake biyowa ta nan a damina ta 1854 a kan hanyarsa ta komawa. Bayansa wasu Turawan sun zo, irin su Joseph Thomson a 1885 da Bajamushe Paul Staudinger jim kaɗan bayan haka, amma su takardun yarjejeniya da hanyar ciniki ne a gabansu.

Yaƙin da Barth ya tarar shi ne wanda Yakubu Nabame ya tayar a 1849 don maido da mulkin Kabi daga Argungu. Daga nan har zuwan Turawa, fiye da shekara 50, fadamar nan ta zama iyaka tsakanin 'yan'uwa. Gwandu ta kafa ribaɗi a garuruwa irin su Ambursa, Kabawa suka riƙe Argungu da Augi da Gulma. Da damina ruwa ya raba faɗa, da rani ya janye a koma fagen daga. Sarkin Gwandu Haliru ya rasu a fagen yaƙi da Kabawa a 1860. An sami sararawa a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, abin da ake kira Lafiyar Toga, daga tsakiyar shekarun 1860 zuwa 1875, sa'an nan aka koma gidan jiya. A irin wannan zamani zuwa bakin tafki ba wasa ba ne. Mace mai ɗibar ruwa ko yaro mai kiwo na iya fita da safe a wayi gari yana wata ƙasa a matsayin bawa. Ya kamata mu riƙa tuna wannan in mun ga yara suna ninƙaya hankali kwance.

Ranar da ruwa ya zama abin kallo

Turawan Ingila sun shigo Gwandu a 1903 ba tare da an gwabza ba, a 1906 kuma fadar sarki ta koma Birnin Kebbi, bakin fadama. Yaƙi ya ƙare, amma zukata ba su huce nan da nan ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. Me za a nuna wa irin wannan babban baƙo? Hawan daba da dawaki ya san su a gida, ya ma fi mai masaukinsa yawansu. Sai Kabawa suka nuna masa abin da babu a Sakkwato: suka shiga ruwa da homa da gora suka yi su a gabansa. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin bikin kamun kifi na Argungu. Ruwan da ya raba mutane rabin ƙarni shi aka shimfiɗa a matsayin tabarmar sulhu.

Sauran labarin sananne ne, ba sai mun tsawaita ba. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar sun halarta, bikin ya zama na ƙasa da ƙasa, aka gina masaukin baƙi, aka ƙara kokawa da dambe da baje kolin amfanin gona. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Dubban masunta kan yi sahu a bakin Matan Fada, a harba bindiga su ruga cikin ruwa, a cikin sa'a guda a fito da giwan ruwa wanda wani lokaci nauyinsa kan haura kilo 70. Ga kuma wasannin kabanci: tseren kwalekwale, da nutso, da kamun agwagwa, da kamun kifi da hannu.

Amma akwai abin da 'yan kallo ba sa gani, wanda a ganinmu shi ne ƙashin bayan bikin. Kifin da ake kamawa cikin sa'a guda, shekara guda aka yi ana tsaronsa. Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta, su ke tabbatar da cewa ba a taɓa wannan wuri sai ranar da aka buɗe shi. Wannan kuwa ba ƙirƙirar 1934 ba ce, kuma ba ta Argungu kaɗai ba ce. Tsohuwar al'ada ce ta duk fadamar, har da ɓangarenmu na Kalgo da Bunza: tafki yana rufe har ruwa ya ja baya kifi ya ƙosa, sa'an nan a sa rana, a sanar da maƙwabta, gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa. Maza na cikin ruwa, mata na bakin gaɓa da ƙwarya da wuƙa, makaɗa na zuga Sarkawa, masu ƙosai da masu rake na ciniki, dangi na nesa sun zo sun kwana biyu za su koma da banda. In wannan ba shaƙatawa ba ce, ba mu san me ake kira shaƙatawa ba. Abin da Argungu ta yi shi ne ta ɗauki ranar su ta ƙauye ta sa mata rawani.

Kuma ba sai ranar su tafki ke da abin kallo ba. Wanda ya sauka fadama da sanyin safiya cikin hunturu zai ga hazo kwance a kan ruwa, bado ya buɗe fari tas, masunci zaune kan gorarsa yana duba mamari. Zai ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, da garken kirinjijiya, da ɗinya, da balbela a bayan shanu, da wasu ƙananan tsuntsaye masu dogon baki waɗanda daga Turai suke tasowa su ƙetare Hamada su yi hunturu a wurinmu. In rana ta yi tsaka Fulani su gangaro da garke, yara su tuɓe su faɗa ruwa. Da la'asar kwalekwale su dawo da tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da bargi, wani lokaci har da yauni. Yaro ya taɓa minjirya ta girgiza shi, 'yan'uwansa su yi ta dariya. In tafki ya ƙafe sarai kuwa, gaiwa na nan cikin busasshiyar laka tana jiran damina, masu haƙa na bin sawunta. Ba mu ce babu illa ba. Tsargiya na nan tana kama yaran da ke wanka a ruwan kwance, sauro kuma ba ya ɗaga wa baƙo ƙafa. Kurkunu ne dai Allah Ya raba mu da shi, tun da aka tabbatar wa Nijeriya kuɓuta daga gare shi a 2013.

Masu riƙe da bakin tulu

Tun da tafkunan nan ambaliya ke cika su, to duk wanda ya riƙe ambaliya ya riƙe su. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, a 1984 kuma ta Goronyo a kan Rima. An gina su ne da kyakkyawar niyyar noman rani, amma lissafin bai haɗa da mutanen da ke ƙasa ba. Wani bincike da masanin Ingila W. M. Adams ya yi a shekarun 1980 ya nuna cewa daga cikin hekta 19,000 na fadamar da ke ƙasa da Bakolori, noman shinkafa ya ragu da hekta 7,000, noman rani kuma da hekta 5,000, kamun kifi ma ya ja baya har masunta da dama suka bar gida. Wannan lissafi na yankin da ya fi mu kusa da madatsar ne, amma gulbi ɗaya muke sha. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa a bikin Argungu saboda ƙarancinsa. Daga baya bikin ya yi kimanin shekara 10 ba a yi shi ba, sai a 2020 aka dawo da shi.

Wani abin takaicin shi ne ruwan da aka hana mu a lokacin da muke bukata, shi ake sako mana a lokacin da ba mu shirya ba. A watan Satumba 2010 ruwan Goronyo ya mamaye garuruwa da gonaki a jihohin Sakkwato da Kebbi. A 2020 aka ba da rahoton cewa ambaliya ta cinye kimanin hekta 450,000 na shinkafa a Jihar Kebbi. Kakanninmu sun san ambaliya, har suna da shinkafar da ta dace da ita, jar shinkafar nan ta gargajiya mai tsawo tana bin ruwa duk inda ya kai. Irin da aka kawo mana na zamani ya fi ta yawan buhu, amma ba ya iya iyo.

Sa'an nan ga shinkafar rani. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, fadama ta cika da injinan ban-ruwa. A ƙarshen 2016 jihohin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna LAKE Rice, sunan da aka harhaɗa daga farkon sunayen jihohin biyu, wanda kuma a Turance ma'anarsa tafki. Sunan ya dace fiye da yadda masu raɗa shi suka zata, don kuwa tafki ake zuƙewa a noma ta. Ba mai hankalin da zai ƙi arzikin da shinkafa ta kawo. Mun ga rufin kwano da babura da aikin Hajji a gidajen da da ba su da ko jaki. Amma mun kuma ga tafkin da kan kai bazara ya ƙafe tun hunturu bai fita ba, mun ga an nome har bakin ruwa babu hanyar da shanu za su bi, mun ga maganin feshi na gangarawa inda kifi ke ƙwai. Taru mai ƙananan idanu kuma ya kwashe uwa da 'ya'ya, maganar Sarkin Ruwa ba ta da nauyin da take da shi a da.

To, a irin wannan hali ne ake cewa a gina wuraren shaƙatawa don baƙi. Kafin a zuba siminti yana da kyau a leƙa Kano. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsun Bagauda da Tiga, aka kafa manyan otal a bakinsu, suka yi tashe na ɗan lokaci. Daga baya na Bagauda ya koma makarantar horar da lauyoyi, na Tiga kuma ya yi shekaru a yashe. Gini bai riƙe baƙo ba. A ɗaya gefen kuma ga Dagona a fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye kawai suka jawo Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila a 1989. Ga kuma Madarumfa kusa da Maraɗi, inda tafki da kaburburan waliyyai suka haɗu wuri guda, mai ziyara ya yi addu'a ya kuma sayi kifi. Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da abin da Allah Ya ba mu: hubbare da tarihin malanta a Gwandu, fadama da tafkuna a Kalgo, tafiyar da ba ta kai ta yini guda ba a tsakaninsu.

Baƙin ma sun riga sun iso, mu ne ba mu lura ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda ta fara zama a Kalgo, matasa daga kowane sashe na Nijeriya ke shekara huɗu a bakin wannan fadama, yawancinsu kuwa har su gama ba wanda ya taɓa kai su su ga ranar su, ko ya nuna musu inda Barth ya ƙetare a Diggi. A nan ne muke ganin marubuta na da aiki. Sunayen tafkunan nan, da na masu kula da su, da kirarin Sarkawa, da ƙa'idojin rufe ruwa da buɗe shi, duk a kan tsofaffi suke, ba a takarda ba. Kowane reshe na ƙungiyarmu zai iya ɗaukar gunduma guda, a zauna da Sarkin Ruwa da dattawan masunta, a rubuta sunan kowane tafki, da watan da yake ƙafewa a da, da watan da yake ƙafewa yanzu. Irin wannan rubutu ko a gaban hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima hujja ne, ranar da za a zauna maganar yadda za a riƙa sako ruwa.

Mai son ya gani da idonsa, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanyoyin fadama suka bushe, tafkuna kuma ba su ja baya sosai ba. Daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo tafiyar 'yan mintoci ce a mota, daga nan sai babur zuwa ƙauyukan bakin fadama. Ya fara sauka wurin mai gari ya yi gaisuwa, a haɗa shi da wanda ya san ruwan. Kada ya shiga kwalekwalen da aka cika maƙil, kada kuma ya jefa ƙugiya a tafkin da bai tambaya ba ko a buɗe yake.